Me kalmar "accrue" take nufi, kuma me ya raba ta da "accumulate"?

Tambayar da ta zo mini ita ce: "Malam, mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya, kuma a takardun fanshonsa na ga an rubuta accrued rights. Na duba ƙamus na ga accrue tana nufin taruwa ko ƙaruwa sannu a hankali. To me ya bambanta ta da accumulate ko increase? Yaya kuma ake sa ta a jimla?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa Baba ya ci gajiyar wahalarsa cikin ƙoshin lafiya. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Na daɗe ina koyar da Turanci, ina kuma fassara takardun ofis, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda na fi jin takaicin yadda ake juya su zuwa Hausa, domin kuskuren da ake yi a kanta yakan taɓa aljihun mutane.

Bari mu fara da furuci, don shi ne mai sauƙi. Ana cewa "akruu", a sassauta gaɓar farko a ja ta ƙarshe. Harafin c biyu ne a rubuce. Idan abin ya wuce a ce accrued, idan yana gudana a ce accruing, wato harafin e ya faɗi. Sunan da aka ciro daga cikinta shi ne accrual.

Asalinta Latin ne, daga accrescere, wadda aka haɗa da ad, ma'ana "zuwa ga", da crescere, ma'ana "girma". Ta bi ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci a ƙarni na 15. Wannan crescere ita ce uwar increase da decrease, ita ce kuma uwar crescent, jinjirin wata, domin wata ne da yake kan girma dare bayan dare. Ka riƙe wannan 'yar gaɓar ta farko, "zuwa ga", domin a nan sirrin kalmar yake. Abin ba girma kawai yake yi ba, girma yake yi yana nufar wani. Akwai mai shi.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina. Duk inda ka ga accrue, nemi abu uku: lokaci da yake tafiya, ƙa'ida ko yarjejeniya da ta ce abin ya ƙaru, da kuma mutumin da abin zai zama nasa ko zai hau kansa. Idan ɗaya ya ɓace daga cikin ukun, da wuya ka ji Bature ya yi amfani da ita. Ƙura tana taruwa a kan tebur, amma babu wata yarjejeniya da ta ce ta taru, babu kuma mai bin ta, saboda haka dust accumulates ake cewa. Yaro yana girma, dawa tana girma a gona, wannan grow ne. Farashin buhun masara ya tashi, wannan increase ne ko rise. Attajiri ya tara dukiya da ƙoƙarinsa da niyyarsa, wannan amass ne. Ita accumulate daga cumulus take, wato tsibi ko tuli, hankalinta yana kan yawan abin da aka jibge. Ita kuwa accrue hankalinta yana kan haƙƙi: na wane ne, kuma tun yaushe ya zama nasa.

Shi ya sa a ganina kalmar Hausa da ta fi kusa da ruhinta ba "taruwa" ba ce. Kalmomi biyu ne da muke faɗa kullum a kasuwa: "hawa" da "bi". Muna cewa ruwa ya hau kan bashi, kuɗin haya ya hau kansa. Muna cewa ina bin su albashin wata uku, ana bin sa kuɗin wuta. Mai shagon unguwa da yake da littafin bashi, yana rubuta burodi da madara da sukarin da gidan ma'aikaci suke karɓa kowace safiya har wata ya mutu, ya san ma'anar accrue sarai ko da bai taɓa jin kalmar ba. Kuɗin bai shiga aljihunsa ba, amma nasa ne, kuma kowace safiya ƙaruwa yake yi.

Wurin da aka fi cin karo da ita shi ne harkar kuɗin ruwa. Za ka ga an rubuta: Interest accrues daily on the outstanding balance. Wato ruwa yana hawa kullum a kan abin da ya rage ba a biya ba. A ce mutum ya ci bashin naira 100,000 a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, ba tare da ana ɗora ruwa a kan ruwa ba. A shekara naira 12,000 ke nan. Ka raba da kwana 365, kowace rana kusan naira 33 take hawa. Bayan kwana 45 abin da ya hau ya kai kusan naira 1,480. Ko da yarjejeniyar ta ce sai ƙarshen shekara za a biya, wannan 1,480 ta riga ta zama bashi a wuyansa, kuma ita ake kira accrued interest. Na san da yawa daga cikinmu suna gudun bashi mai ruwa saboda haramcin riba, kuma wannan ma dalili ne na sanin kalmar da kyau. Wanda ya gane ta ba zai sa hannu a takardar da aka ce masa "babu komai a ciki" ba, alhali accrue tana zaune a layi na tara da ƙananan haruffa. Ɗaliban da suke karɓar bashin karatu a Amurka sun san zafin wannan: akwai nau'in bashin gwamnati da ruwansa yake hawa tun ɗalibi yana aji, kafin ya fara biyan ko sisi. Lokacin annobar korona an dakatar da hawan ruwan daga watan Maris na 2020, ya ci gaba da hawa a ranar 1 ga Satumba, 2023, kuma kalmar da jaridunsu suka yi ta maimaitawa ke nan.

Kada ka ɗauka kalmar ta riba ce kaɗai. Riba ta halal, kuɗin haya, ladan aiki, kwanakin hutu, duk suna accrue. A Birtaniya doka ta ba ma'aikacin da yake aiki kwana biyar a mako hutun kwana 28 a shekara, kuma a shekararsa ta farko hutun yakan taru masa kashi ɗaya cikin goma sha biyu kowane wata. Bayan wata uku yana bin su kwana 7. Zai ce: I have accrued seven days of leave.

Wannan jimla ta kawo mu ga nahawu. A asalinta accrue ba ta ɗaukar karɓau. Abin da yake ƙaruwa shi ne a gaba, sai 'yan ƙananan kalmomi su nuna alkibla. Idan aka ce accrue on, ana nuna abin da ƙarin yake hawa kansa, kamar bashi ko ajiya. Idan aka ce accrue from, ana nuna tushen da amfanin yake fitowa: the benefits that accrue from educating girls, amfanin da ake samu daga ilimantar da 'ya'ya mata. Idan aka ce accrue to, ana nuna mai rabo: The profit accrues to the owner of the land, ribar wurin mai gona take zuwa. Daga baya aka fara sa mutum a gaba, kamar misalin hutun nan, ko She accrued a lot of debt. Wasu tsofaffin masu gyaran rubutu sun ƙi wannan salo, amma yanzu manyan ƙamusoshi sun karɓe shi, kuma ba na ja wa ɗalibi jan biro a kansa.

Abin da nake ja wa jan biro shi ne cakuɗa salon biyu. Sau da yawa ina ganin the money that was accrued to me a wasiƙun neman haƙƙi. Wannan was ba ta da gurbi a nan. Abin da ya dace shi ne the money that accrued to me, ko that has accrued to me. Sai kuma rikita ta da incur, wadda take nufin jawo wa kai. Ranar da ka karɓi bashi, you incur a debt, abu ne na lokaci guda kuma da hannunka ka yi. Daga washegari kuma interest accrues, ko kana barci. Wasu kuma sukan rubuta accrue inda suke nufin occur, faruwa, ko acquire, mallaka, saboda kamannin sauti. Sannan ka sani kalma ce ta takarda, ta banki da kotu da ofis. Ba a cika jin ta a hirar abokai ba, a can build up ko add up ake cewa.

Idan kana son ka ga accrue to a inda ta yi nauyi, buɗe Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, sashe na 162, ƙaramin sashe na 2. A nan ne aka ce kason jihohin da ake haƙo arziki a ƙasarsu kada ya gaza kashi 13 cikin ɗari na "the revenue accruing to the Federation Account directly from any natural resources", wato kuɗin da yake shigowa Asusun Tarayya kai tsaye daga albarkatun ƙasa. Duk muhawarar da kake ji a rediyo kan kason jihohi masu man fetur, a kan wannan layin take tsaye.

Yanzu mu zo ga takardar Baba, don na san ita ce ta hana ka sukuni.

Kafin 2004 ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya zuba komai don fanshonsa. Gwamnati ce take alkawarin biyansa garatuti da fansho idan ya gama, gwargwadon shekarun aikinsa da albashinsa na ƙarshe. A watan Yuni na 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka yi dokar gyaran fansho wadda ta kawo tsarin karo-karo: ma'aikaci ya zuba, mai aiki ya zuba, kuɗin ya shiga asusun da aka buɗe da sunan ma'aikacin a hannun kamfanin kula da fansho. Da farko kashi 7.5 ne kowane ɓangare. Dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ce take sa ido.

To, ina labarin wanda ya fara aiki a 1990, ya yi shekara goma sha huɗu a tsohon tsari kafin a sauya? Ba a zuba masa komai ba a waɗannan shekaru, amma kowace shekara da ya yi yana sammako zuwa ofis, haƙƙinsa yana hawa kan gwamnati. Wannan haƙƙi na shekarun da suka gabaci sauyin shi ne accrued rights. An lissafa shi, an amince bashi ne a kan gwamnati, kuma doka ta ce a riƙa ware kashi 5 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikata kowane wata a wani asusu da yake Babban Banki don biyansa. Idan ma'aikaci ya yi ritaya, sai a fitar da nasa a tura asusunsa, a haɗa da abin da aka zuba masa tun 2004, sannan a lissafa abin da za a ba shi a dunƙule da abin da zai riƙa karɓa wata-wata. Shi ya sa ake kiran masu shirin ritaya tantancewa tun kafin lokacinsu ya yi. Idan da za a ba ni fassararsa, zan ce "haƙƙin shekarun baya da ma'aikaci yake bin gwamnati". Ya fi tsawo, amma ba ya ruɗar da kowa.

Dalilin da ya sa na nace a kan "bi" shi ne wani abu da na gani da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin masinja har ya tsufa, ya zo mini bayan la'asar da takardunsa a cikin leda baƙa, ya naɗe su da roba. Ya zaro ɗaya da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ya ɗora yatsa a kan wani adadi, ya ce, "Malam, yaron nan ya karanta mini ya ce an tara mini wannan. To ina aka ajiye, in je in ɗauka?" Har ya yi wa mai siminti alkawari, don ɗakin da yake son ya ƙarasa wa iyalinsa kafin damina. Yaron da ya karanta masa bai yi ƙarya ba, abin da ƙamus ya ce ya faɗa. Amma "an tara maka" a kunnen Bahaushe yana nufin kuɗi yana nan a ajiye, kamar kwasar adashe da ta zagayo kanka. Sai da na zaunar da shi na ce, "Baba, wannan takarda cewa take kana bin su, ba cewa take sun biya ba." Ya yi shiru, ya mai da takardar cikin leda a hankali. Ya jira fiye da shekara kafin kuɗin ya fito. Da tun farko an ce masa "kana bi", da bai ɗauki alkawarin da ya zo yana jin kunyarsa ba.

Saboda haka ka koyi rarrabe matakai huɗu da Turancin takarda yake rarrabewa. Accrued, ya hau, ya zama haƙƙi. Due, lokacin biya ya yi. Paid ko credited, an biya, ya shiga asusu. Idan lokacin ya wuce ba a biya ba, ya zama arrears, abin da ma'aikatanmu suke kira ariyas. Idan kun je wurin kamfanin fanshon Baba, kada ka tambaya ko akwai accrued rights, don za a ce maka akwai. Tambayi ko an turo kuɗin ya shiga asusunsa, kuma ka nemi a buga maka bayanin asusun ka ga layin da idonka, da ranar da ya shiga.

Akantoci ma suna da nasu amfani da kalmar, kuma daga wannan tushe ya fito. A wurinsu to accrue shi ne a rubuta kuɗin shiga ko na kashewa a littafi a lokacin da haƙƙin ya tabbata, ba a lokacin da kuɗi ya motsa ba. Ɗauki makaranta mai zaman kanta da malamanta suka koyar a watan Disamba, amma ba a biya su ba sai Janairu. A tsarin da yake bin tsabar kuɗi kawai, littafin Disamba zai nuna kamar ba a kashe komai ba, shekarar ta fito da riba mai kyau ta ƙarya. A tsarin accrual kuwa, za a rubuta albashin a Disamba a matsayin bashin da ake bin makaranta, domin a watan aka ci moriyar aikin. Haka kuɗin wutar da aka sha ba a kawo bil ba tukuna. Gwamnatin tarayya ta koma wannan tsari a lissafinta daga Janairun 2016, ƙarƙashin ƙa'idojin da ake kira IPSAS, kuma ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne bashi irin na 'yan fansho da 'yan kwangila ya fito fili a littafi maimakon ya ɓuya har sai ranar biya.

Akwai ma'ana guda da ta saɓa wa "sannu a hankali" gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi haɗari ga wanda bai sani ba. Lauyoyi suna cewa the cause of action accrued on such a date. A nan babu wani taruwa. Ana nufin ranar da haƙƙin kai ƙara ya tabbata, rana guda tak, kuma daga ita ake fara ƙirga wa'adi. A Ingila dokar wa'adin ƙara ta 1980 ta ba da shekara 6 ga ƙarar saɓa yarjejeniya ta yau da kullum, daga ranar da haƙƙin ya tabbata. Ka ba mutum kaya a kan zai biya ranar 1 ga Maris, 2020, ranar ta wuce bai biya ba, to agogo ya fara tafiya tun daga nan, ba daga ranar da haƙurinka ya ƙare ba. Dokokin jihohin Najeriya ma sun ɗauki wannan lafazi, sai dai yawan shekarun ya danganta da jiha da kuma irin ƙarar, don haka wanda yake da irin wannan matsala ya ga lauya da wuri. Mu da muke da al'adar kawaici da jin nauyin ɗan'uwa, mukan bar bashi ya shekara goma muna cewa "zai kawo", ba mu san ƙofar kotu tana iya rufewa ba. Ko a wannan ma'anar dai, ka ga tsohuwar gaɓar nan tana aiki: wani haƙƙi ne ya iso ga mai shi.

Wani ɗalibina ya taɓa tambayata yadda zai faɗi ladan sadaka mai gudana da Turanci, irin wanda ya haƙa rijiya ya rasu ana ci gaba da sha. Na ce masa ya rubuta: The reward continues to accrue to him after his death. Ban san wata jimla da ta haɗa abubuwa ukun nan fiye da ita ba, lokaci yana tafiya, alkawari yana nan, mai rabo kuma sananne ne. Da ya sa accumulate, da an ji tulin lada amma ba a ji hanyar da take kai shi ga mamacin ba.

Idan za ka rubuta wa kamfanin fanshon wasiƙa a madadin Baba, ga jimlar da za ta yi maka aiki: Kindly confirm whether my accrued rights have been credited to my Retirement Savings Account, and on what date. Ka sa lambar asusunsa ta fansho da ranar da ya bar aiki a sama, shi ya sa hannu da kansa, ka kuma riƙe kwafi guda da aka buga wa hatimin karɓa. Ka gaishe mini da Baba.